Makullin Motar Nasiru a Haɓar Zanina

Laraba, bayan Isha'i.

Ƙafar maigidana Alhaji da sauƙi, 'yata Zainab lafiya lau. Ni ce hankalina a tashe.

Tun da ɗana Nasiru ya rage wa tsohuwar motarsa tsayi ta yi ƙasa-ƙasa, tayoyin gaba suke gugar jikinta. Yanzu wai zai matse ƙafafun gaban su shige ciki. "Mama, gugar za ta daina, ga kyau."

Wani makanike a garin McLeansville ya ce haka ne, amma motar za ta iya karkata in an sha kwana da gudu. Kuma a cikinta yake kai ƙanwarsa makaranta!

Na ɗaure makullin a haɓar zanina. Na ce wa Nasiru ya ba ni amsa kafin Asabar: ya fasa, ko motar ta tsufa a gareji.