Goron Kawu Garba

Birnin Kebbi

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Hajara da yara. Yaya Legas, yaya aiki? Mu nan Badariya lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

An sauya tsarin gayyatar bikin ƙanwarmu Hadiza. Da farko na sa an buga a ƙasan katin cewa a sanar da mu ko za a zo, don masu girki su san yawan shinkafar da za su dafa. Da aka karanta wa Kawu Garba a Argungu, sai ya mayar da katin. Ya ce, "Armen ɗiyata za a tambaye ni ko ina zuwa? Ni baƙo na?"

Inna ta yi dariya, ta ce mini, "Ɗan boko, ɗan'uwa goro ake kai mai. In ya amshi goron, to ya amsa."

Yanzu kati na abokan aiki ne, goro na dangi.

Ka sa mu cikin addu'a, ka gaida mutanen gida. Direban da muka aika Argungu da goro ya ce Kawu ya amshi goron, har ya raba wa maƙwabta. Daga bakinsa dai ba mu ji ba tukuna.

Ƙaninka,
Umaru