Ƙwayar Yamma

Tawa, 4 ga Maris

Yaya Muktari,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya zafin Yamai?

Wata huɗu ke nan da dawowarmu daga Tunis, inda aka yi wa maigidana Sabo dashen ɓargo. Jiki da sauƙi, amma hankalina bai kwanta ba. Lokotoro, wato likitan da ke duba shi, ya ja mana kunne cewa garkuwar jikinsa kamar ta jariri take, cututtukan da ke kwance a jikinsa tun ƙuruciya suna iya tashi. Don haka dole ya sha maganin rigakafi safe da yamma, ko ba ya jin komai.

To, kwanan nan Sabo ya hana ni ba shi na yamma, wai a ɗaki zai riƙa sha. Shekaranjiya wajen wanki na tsinci ƙwayoyi ƙulle a takarda cikin aljihunsa. Kuma duk Lahadi wani mai kabu-kabu yakan tsaya ƙofar gida, Sabo ya miƙa masa wani abu yana waige-waige. Na tambaya, ya ce goro ne. Yaya, yaushe Sabo ya fara sayen goro? Wa yake aika wa?

Ƙanwarka,
Rakia

Tawa, 27 ga Maris

Yaya Muktari,

Bayan gaisuwa, daga asibiti nake rubuto maka. Ƙuraje masu zugi sun feso wa Sabo a haƙarƙari. Da lokotoro ya matsa masa, sai ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya. Ƙanensa Bashir, wanda ya ba shi ɓargon, shi yake aika wa ƙwayoyin a ƙauyen Bambeye. Ya ji labarin Bashir na kukan ciwon baya, sai ya ɗauka shi ya tsotse masa ƙarfi. Lokotoro ya ce ɓargon Bashir ya daɗe da komawa yadda yake, maganin nan ba abin da zai yi masa.

Jiya Bashir ya iso da ƙwayoyin cikin gwangwani, ko ɗaya bai sha ba. Bai san daga bakin yayansa ake cire su ba. Da ya ji, kuka ya yi. Ya ce bai ba da ɓargonsa don ya yi zaman makoki ba.

Ƙurajen sun fara bushewa. Na yafe wa Sabo, Yaya, amma yarda sai a hankali. Yanzu da hannuna nake ba shi, kuma ba na tashi sai ya ɗaga harshe na gani.

Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Rakia