A Nuna Mini Tsibirin da Aka Rufe Isuhu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban masu jiragen hayar kamun kifi na bakin Tabkin Chadi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi maka barka da aiki, kai da dattawan da ke zama tare da kai a bakin ruwa.

Ranka ya daɗe, ba ka san ni ba, ko da yake ka taɓa ganina sau ɗaya ina zaune ƙofar rumfarka da igiya bisa cinya, ka sa aka kawo mini fura, ban iya sha ba. Sunana Lawali, mutumin Dakoro, sana'ata ginar rijiya. Ni ne yayan Isuhu, wanda ya faɗa ruwa daga jirgin Gambo, ɗaya daga cikin matuƙanku, rani biyu da suka wuce. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Da ajami na rubuta wannan takarda, mushe, malamin lakwal na garinmu, ya mai da ita boko, na kuma roƙa a buga ta a fili kowa ya gani, domin sau biyu ina aiko maka da saƙon baki, ko ɗaya bai dawo da amsa ba.

Na ɗaya. Ina so ka san irin mutanen da suka shiga jirgin nan. A ƙasarmu ruwa nisa gare shi. Sai mu gina gaba talatin, wani wuri ma fiye, kafin mu ji danshi. Isuhu ke shiga, don shi siriri ne kuma ba ya tsoron duhu, ni kuwa ina bakin rijiya riƙe da igiya. Shekara goma sha ɗaya muna haka, daga Birnin Lalle har Mai Yara. Mai riƙon igiya yana da doka a wurinmu: ba ya cin goro, ba ya hira, ko sallama aka yi masa wani ke amsawa. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya taɓa kwaɗa mini mari gaban jama'a don na ɗaga kai na dubi ayarin raƙuma da ke wucewa alhali Isuhu na ƙasa. Da yamma ya kira ni ya ce wanda ran wani ke hannunsa ba shi da ido nasa, ba shi da ƙishirwa tasa, sai wancan ya fito. Na girma ina zaton haka dokar take ko'ina a duniya.

Na biyu. Tun da aka samu mulkin kai aka fara kawo mana rijiyoyin siminti da ma'aikatansu, aikinmu ya yi baya. Isuhu ya matsa mini mu tafi cin rani bakin tabki, wai ana samun abinci a kamun kifi da yin banda. Gaskiya ba abincin ne ya ja shi ba. Ya gaji da jin labarin ruwan da ba a ganin ƙarshensa, yana so ya gani da idonsa. Muka hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Maradi, muka wuce Damagaram, muka yi ta gabas kwana da kwanaki. Ranar da muka iso ya tsaya bakin ruwa yana kallo, can ya juyo ya ce mini, “Yaya, wa ya gina wagga?” Muka yi dariya har da hawaye. Da ƙyar ya yarda ya wanke ƙafarsa a ciki, wai ɓarna ce. Har yau in na rufe ido haka nake ganinsa, wando naɗe, yana ɗiban ruwa da tafi yana barinsa ya zube.

Mu takwas muka haɗu za mu yi hayar jirgi mai inji ya kai mu wajen tsibirai da tarunanmu. Matuƙa uku ke jiran fasinja ran nan, kuma ni aka ba zaɓi don ni ne babba cikin baƙi. Na zaɓi Gambo. Dalilina guda ne, kuma ina jin kunyar faɗarsa: buta. Ba ya rabuwa da wata buta ta ƙarfe, yana tafe tana hannunsa, ya zauna tana gefen ƙafarsa. A Dakoro in ka ga mutum da buta ka ga mai salla, kuma da haka muke zaɓen wanda za mu ba amana. Na ce wa Isuhu dubi bawan Allah, yana zaune bisa ruwan duniya duka amma bai yarda da tsarkinsa ba sai na butarsa. Na ga yana kai ta baki, ban ga ya zuba a hannu ba, amma ban kawo komai a raina ba. Mu ba mu san warin giya ba. Ba mu san akwai wata fara tas kamar ruwa da ake dafawa a can ba.

Na uku. Ga abin da ya faru, ba ƙari ba ragi. An ce mana za a tashi da asuba kafin iska ta motsa. Gambo bai fito ba sai da hantsi ya yi. Akwai wani dattijo masunci a cikinmu, shi kaɗai ya san ruwa, ya ce a bi gefen ciyawa ko a bari sai gobe. Gambo ya yi dariya ya ce tun kafin tsohon ya san taru shi yake ratsa tabkin nan, ya miƙe da mu tsakiya. Da rana ta ɗaga, ruwa ya fara tashi yana dukan jirgi. Isuhu na gaba yana kwalfe wanda ke shigowa da ƙwarya, don shi ba ya iya zama ana aiki. Jirgi ya karkace ya ba ruwa gefe, aka ɗaga mu aka buga. Da na ɗago babu Isuhu.

Igiyarmu ta rijiya na tare da ni, ba na tafiya ba ita. Na ga kansa a bayanmu, na jefa, ya kama. Ranka ya daɗe, ya kama. Na san nauyin ƙanena a igiya kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Abin da ya rage kawai a kashe inji. Muka yi ta ihu, Gambo na zaune kansa a sunkuye bisa sandar tuƙi, ido rabi a buɗe, yana murmushi. Cikinmu ba wanda ya san inda ake taɓawa inji ya tsaya. Jirgi na gudu yana jan Isuhu ƙarƙashin ruwa, igiya na cin tafina, ina ja ana ja da ni. Kafin dattijon nan ya tsallake kaya ya fizge bututun mai, nauyin ya bar hannuna. Na naɗo igiya gaba ɗaya ba kowa a bakinta. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa jawo ta haka ba.

Na ɗauki butar nan don in watsa wa Gambo ruwa a fuska ya farka ya juya da mu. Abin da ya zubo ya bugi hancina, dattijon ya kau da kai ya gaya mini giya ce. Muka yi ta kewaya har la'asar. Ruwa ba shi da alama, ko'ina iri ɗaya ne, ba itace ba suri ba sawu. Jandarma sun rubuta abin da na faɗa, an duba gaɓa kwana uku, daga nan na koma gida ni kaɗai.

Na huɗu, kuma nan ne ƙarata take a kanku. Lokacin da nake zaune ƙofar rumfarka na ji mutanenka na cewa ai kowa ya san abin da ke cikin butar Gambo. Kowa ya sani. Mai sai da mai ya sani, masu ɗaukar kaya sun sani, matuƙa biyun da na bari na zaɓe shi sun sani, suna kallo muka loda kaya muka shiga. Da mutum ɗaya ya ja ni gefe ya ce baƙo, canza jirgi, da yanzu Isuhu na nan yana damuna da labarin kifi. An ce mini ba a son tona asirin ɗan'uwan sana'a. Mu ma muna rufa wa juna asiri, amma in muka ga mai riƙon igiya na gyangyaɗi, karɓe ta muke yi nan take, in ya so ya yi fushi. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ban yi jayayya da hukuncin Allah ba. Sai dai mutum takwas da yawancinsu ba su iya iyo ba in suka zauna cikin jirgi, duk a igiyar matuƙi suke rataye. Abin da mutum ke sha a ɗakinsa tsakaninsa da Mahaliccinsa ne. Abin da ya sha hannunsa bisa sandar tuƙi kuwa, mu ma ya shafe mu. Yanzu ƙasa na hannunmu, ba Nasaran da za mu ɗora wa wannan, ku ne manyan wurin.

Na biyar. Innarmu ta tsufa, idonta ya fara hazo. Ran da na dawo ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Ka ga gawa tai?” Na ce a'a. Ta ce, “To kak ka ƙara ce mini ya mutu.” Ta hana a yi zaman makoki, ta hana sadakar arba'in. Ƙwaryarsa ta fura na nan a rataye, kullum sai ta wanke ta. Ranar kasuwa in ta ji kamiyo ya tsaya, sai ta fito bakin zaure ta tsaya har a gama sauka. Ni ma ban fi ta ba. An kira ni aiki wurare uku ban je ba, don in na kama igiya hannuna rawa yake yi, kuma ba zan sa ɗan wani a rami da hannu mai rawa ba. Ina kewar ƙanena, ranka ya daɗe. Ina kewar muryarsa tana tasowa daga ƙasan rijiya yana waƙa, yana zagina wai na cika nawa wajen jawo ƙasa.

Bayan girbin bana wani falke mai kawo banda kasuwar Dakoro ya neme ni. Ya ce ya ji a bakin ruwa cewa mutanen wani tsibiri sun tsinci gawar baƙo kwanaki bayan abin, siriri, tafin hannu da gwiwa duk kanta, da laya mai jar fata a damtse. Layar Isuhu ce, ni na ɗaura masa. Suka yi masa sutura suka rufe shi. Falken bai san sunan tsibirin ba, ya ce suna da yawa kuma wasu ruwa kan rufe hanyarsu. Amma ya ce mutum ɗaya ya sani, Gambo. Wai bayan tafiyata shi kaɗai ya yi ta komawa yana bin tsibirai ɗaya ɗaya yana tambaya, kuma shi ya kai likkafani. Ya ce har yanzu yana ɗaukar mutane, kuma butar na nan, ta ma fi da saurin ƙarewa. Na kwana biyu ban san abin da zan yi da wannan labari ba. Na so in ci gaba da ƙinsa yadda na saba, abin ya ƙi zama daidai.

Na gaya wa Inna. Ta ce, “Zancen kasuwa ne. Tahi ka gano da idonka, in ka ce mini ka gani, na yarda.”

Saboda haka ga roƙona.

Ku sa doka a tsakaninku cewa matuƙin da ya sha ba zai taɓa jirgi da mutane a ciki ba, kuma wanda ya gani ya yi shiru laifinsu ɗaya. Ku sa wani dattijo ya riƙa tsayawa wurin lodi yana duba matuƙa kafin su tashi, don baƙi irinmu za su ci gaba da zuwa, kuma za su ci gaba da ganin buta su ce malam ne. Ku kuma nuna wa ko mutum ɗaya cikin fasinja inda ake kashe inji kafin a bar gaɓa. Abin ba ya ɗaukar lokacin da ake cin goro guda.

Ban nemi diyya ba, ban nemi a ɗaure Gambo ba. In aka ɗaure shi ma, wa zai nuna mini hanya? Abin da nake roƙo shi ne ka kira shi ka zaunar da shi, ka ce yayan mutumin nan na Dakoro zai zo kafin ruwan sama ya sauka. Ya ba ni safiya ɗaya tak da idonsa garau, ya bar butarsa a rumfarka. Na rantse ba zan ƙara shiga ruwa ba, amma zan yi kaffara in shiga jirginsa, in zauna inda na zauna, ba zan ce masa komai ba. Ni zan zo da buta, cike da ruwan rijiyar ƙarshe da Isuhu ya gina a Mai Yara, in yayyafa bisa kabarinsa, in yi masa addu'a, in gaya masa ba ni na saki ba.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon riƙe amanar da ke wuyanka. Allah ya tsare duk wanda ya shiga jiragenku ya mai da shi ga iyalinsa. Allah ya shiryi Gambo, ya raba shi da abin da ya fi ƙarfinsa. Ina roƙonka kar amsa ta daɗe. Inna na bakin zaure, kuma ina so ta ji kalmar nan daga bakina tun tana iya jin ta, ta sauke ƙwaryar nan ta yi kukan ɗanta.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Lawali mai ginar rijiya, Dakoro.