Rasuwar Sadiƙu a Kataloniya

Daga Unguwar Mansur, Makka

Zuwa ga Yaya Halima,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ya ciwon ƙafar? Ya Malam da yara? Mu nan sai haƙuri.

Yaya, Allah Ya yi wa Sadiƙu, mijin 'yarki Rukayya, rasuwa. Tun da aiki ya kai su birnin Barsalona kaɗaici ke damunta, shi ne ya ce su je wani ƙaramin gari cikin duwatsun Kataloniya su huta Asabar da Lahadi. Ranar Asabar da hantsi suna tsallaka wata tsohuwar gada, ya dafe ƙirji ya zauna, bai ƙara tashi ba.

Da ta kira ni cewa take, "Ummi, ina ta ihu, ba mai jin yarena." Wata tsohuwa mai sayar da burodi ce ta rungume ta har motar asibiti ta iso.

Garin ba masallaci. A birni 'yan Maroko suka yi masa sutura, can aka binne shi. Yaron da aka haifa a unguwar Zahir, nan Makka, bai samu sallar jana'iza a Harami ba.

Ki gaishe da kowa. Ku sa shi a addu'a, ku sa Rukayya, domin tana da ciki.

Ƙanwarki,
Binta