Miyar Ƙashin Kifi ta Sakina

Zuwa ga Yaya Habsa, a Ingall,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna?

Yaya, an ci mutuncina. Tun da maigidana Seydou ya tafi haƙar zinariya Djado, nama ya gagare mu. Sai nake zuwa wurin Kadidia mai suyar kifi a bakin kasuwa, in sayi kawuna da ƙasusuwan da take warewa, in yi wa yara miya. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar sunan ɗiyar maƙwabciyarmu, ana tsakiyar rabon abinci, Kadidia ta ɗaga murya ta ce a tara mini ƙashin da aka tsotse, shi ne cimar gidana. Mata suka yi dariya. Ɗiyata Habibata tana zaune kusa da ni, ta ji komai. Kwana biyu ta ƙi cin tuwo.

Ban yafe ba.

Ƙanwarki,
Sakina

Zuwa ga Yaya Habsa,

Ina gaishe ki, a gaida mini Inna. Seydou ya bugo waya, yana lafiya.

Kin tuna yadda Inna take yi? A wanke kan kifi, a cire jan abin nan na cikinsa mai sa ɗaci, a gasa ƙashin, a daka da daddawa da citta, a tace. Haka na yi, na kafa tukunyar shinkafa da miya daura da rumfar Kadidia. Ƙashin kuwa daga masu kawo kifin tafkin Tabalak nake saye. Wata uku ke nan, direbobin da ke cin kifinta duk sun dawo bencina.

Shekaranjiya Kadidia ta shigo gidana da sallama, har da kirana ƙanwarta. Ɗanta zai yi aure Juma'a, dangin amarya za su zo daga Tchirozérine, tana son ta yi musu irin miyata da hannunta. Na shimfiɗa mata tabarma, na koya mata komai dalla-dalla. Jan abin nan kawai na ce ta bar shi a ciki, shi ne sirrin daɗin.

Na san za ki ce in ji tsoron Allah. Na yi tunanin amaryar, ba ruwanta. Sau biyu na ɗauki mayafi zan je in gyara maganar, sau biyu na mayar.

Ta aiko mini da goron gayyata. Na ba tela ɗinkin sabon zane, kuma da wuri zan je.

Taki har kullum,
Sakina