Siririn jirgi ko mai faɗin

Laraba da dare, Al Mirqab

Kafil ɗin Baba, wato uban gidansa a nan Qatar, ya ce ranar Juma'a za a zaga da mu teku a ɗaya daga jiragen ruwansa biyu, tukwicin jigilar baƙin ƙwallo da Baba ya sha. Baba kuwa ya ce ni zan zaɓa. Ni da ko burodi ba na iya tambaya a shago!

Ɗazu ya kai ni na gan su. Duka biyun iska ce ke tura su da farin ƙyalle. Ɗaya siriri ne, yana kwantawa gefe guda in iska ta bugo, sak irin wanda nake hangowa in ina karatun littattafan soyayyata. Wallahi har na ga kaina a gabansa, mayafina yana tashi. Ɗayan mai faɗi ne, ciki biyu gare shi, kamar falo a kan ruwa. Matuƙin ya ce ko shayi ba ya zubewa a ciki.

Matsalar Umma ce. Tun korona ba ta fita ko'ina, ga tsoron ruwa. Da ta ga hoton siririn sai ta yi dariyar yaƙe, ta ce, "Ku je abinku, Hafsatu, ni na tsaya a bakin ruwa in riƙe muku takalma."

Baba ya ce, "Maza, uwata, da safe nake son amsa."

Yanzu na leƙa ɗakinta zan ce mata sai da safe, na tarar tana goge leshin da ta ajiye shekara biyu ba ta sa ba. Mai faɗin zan ce. Allah dai Ya sa kar muryata ta yi rawa Baba ya gane.