Gidana na Ƙaura Ba Rumbu Ba Ne

Yaya Armiya'u,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau nake a Jidda, tsayuwar aikin asibiti ce kawai take cin gwiwoyina.

Na gama biyan bashin gidana na Ƙaura tun kafin wa'adi, don in ajiye aiki in dawo in huta. Sai na ji ka cika ɗakunan da geronka na Zurmi, wai Shari'a ta zo, mace ba ta zama ita kaɗai. Madalla da wannan ilimi. Shekarun da nake biya ni kaɗai ban ji wa'azinka ba.

Ina tafe bayan Sallah. Ka kwashe geron, ko mu haɗu gaban alƙali.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Karima